Hantar Alkasum

Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaga fatar idon Alkasum da yatsa. Farin idon ya koma launin gwaiduwar ƙwai. Ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, Alkasum ya yi nishi. Ramlatu tana tsaye a bakin gado, tana kallon tulun cikin mijinta bisa ƙafafu kamar sillen kara.

Alkasum baduku ne a Birni. Da aka shekara biyu ana fari, shanu suka ƙare, masu sayen jaka da takalmi suka watse, sai ya koyi hanyar wani gida a bayan gari. Jar dawar agaji da ake ba su, rabinta can take tafiya ta dawo burkutu.

Majo ya ja Ramlatu gefe, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce a cikin hanta akwai sinadarai biyu masu narkar da giya. Na farko yana mayar da ita wata guba da ta fi giyar kanta sharri, na biyu ya bi gubar ya mayar da ita abu mai tsami da jiki ke iya fitarwa. Idan shan ya yi yawa, ga ciki ba abinci, na biyun ba ya iya cim ma na farko. Gubar ta taru ta yi ta ƙona hanta har ta ƙandare.

Ta tambaya ko akwai magani. Ya ce an makara ƙwarai.

* * *

A gida kuwa an riga an yanke magana. Mutari, wan Alkasum, ya tara dangi a zaure bayan la'asar. Ya ce kamun maita ne, kuma kowa ya san Balki, tsohuwar da yunwa ta koro daga ƙauyen Dogo ta raɓa a maƙwabta, ita ce ke yawan leƙo marar lafiya. Gobe za a kai ta gaban mai unguwa, ko ta saki kurwarsa ko ta bar Birni. Abin da ake so daga Ramlatu kawai ta ce ta ji mijinta yana kiran sunan tsohuwar cikin zazzaɓi.

Ramlatu ta tuna ranakun da take wanke amai kafin yara su tashi, tana rufa asiri har bakinta ya saba da ƙarya. Ta matso bakin zauren.

"Yaya, ba zan faɗa ba. Giya ce ta ci hantarsa, kuma ka sani. Dawar da ya kai, daga bakin ƴaƴana ya ɗauke ta."

Mutari ya ce ta tuna gidan wa take zaune.

"Na tuna. Idan kun kai Iya Balki, zan bi ku in maimaita a gaban mai unguwa."

Washegari ba wanda ya je wurin mai unguwa.

* * *

Alkasum ya cika bayan kwana tara. Masu gaisuwa suna wuce ƙofar ɗakin Ramlatu su shiga na surukarta. Mutari ya aiko cewa da ta gama takaba ta kwashe kayanta.

Ta zauna kan tabarma tana tsince tsakuwa daga cikin dawa. A bayan katanga, taɓaryar Balki tana sauka a turmi, a hankali, ba ta tsaya ba.