Tudun Aro

Shekara arba'in da ɗaya rugar su Yunusa ta yi a kan tudun nan na bayan Auyo, amma ko bishiya ɗaya babu a cikinta. Baƙo in ya zo sai ya ɗauka mutanen ba sa son inuwa ne. Suna so mana, wa ke ƙin inuwa a zafin ƙasar Haɗeja? Sharaɗi ne. Shekarar da fari ya koro mahaifin Yunusa daga arewa da ragowar shanunsa, wani manomi, Malam Gwadabe, ya nuna masa tudun ya ce ya zauna, shanu su riƙa zuba masa taki a gonakin gefe. Sai dai aro ne, kuma kowa a fadamar nan ya san dokar ƙasar aro: ba a dasa itace, ba a haƙa rijiya, ba a ginin ƙasa. Wanda ya dasa itace ya ce wuri nasa ne ke nan.

Uban ya riƙe sharaɗin har ya koma ga Allah, Yunusa ya gada. Matarsa Mairam ta taɓa sayo ɗan mangwaro ta dasa a bayan bukka, tana ba shi ruwan wanke-wanke a ɓoye. Da hannunsa ya tumɓuke shi. Kwana uku ko ci kanka ba ta ce masa ba.

To, fadama ba ta tsaya yadda tsofaffin suka bar ta ba. Kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya rasa inda zai bi ya kwanta a gonakin mutane. Waɗanda suka rasa gona suka hauro sama, suka dinga gutsurar burtalin shanu taku bayan taku, har ya koma ɗan siririn da babur kaɗai ke bi. Yamma da rugar kogi ne, arewa kacalla, gabas da kudu shinkafa. Shanu ashirin da biyu suka koma kamar awakin gida, ana yanko musu ciyawa a kwale-kwale.

Ana cikin haka Muttaka, ɗan marigayi Malam Gwadabe, ya kai magana gaban dagaci: yana son tudun ubansa. Ba mugu ba ne, gaskiya. Damina uku a jere ambaliya na cinye masa shinkafa, ga baki goma sha biyu a gida.

Safiyar zaman, Mairam ta tare Yunusa yana ɗaura rawani.

"Malam, duk waɗanda suka san maganar nan suna ƙarƙashin ƙasa. Takarda babu. Ka ce kyauta ce."

"Ke dai bari."

"Na bari tun ranar mangwaro. Yau kam ba zan bari ba. In aka tashe mu, ina za mu kai shanun?"

Ya shiga kwale-kwale.

Zauren dagaci ya cika. Dagacin tsoho ne da ya gaji da rabon faɗan makiyaya da manoma, ba ya son a sake ɗaukar gawa a ƙasarsa. Ya saurari Muttaka, sannan ya juyo.

"Yunusa, mun bincika. Babu rubutu, babu shaida a raye. Muttaka yana goye lokacin da aka yi maganar. Kai kaɗai ka ji da kunnenka. Shekara arba'in kuwa ba kwana arba'in ba ce, mutum yakan manta. Kada ka yi gaggawa. Ko kyauta Malam Gwadabe ya ce?"

Ko yaron goye ya gane an buɗe masa ƙofa. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai ƙaryata shi. Yunusa ya ji ta a bakinsa, har ya motsa leɓe. Ya dubi Muttaka, wanda ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa duk sun tsattsage saboda tsayuwa cikin ruwa. Ya tuna uban wannan mutumin ya tarbe su ranar da garuruwa uku suka kore su. Kunya ta kama shi tun kafin ya yi ƙaryar.

"Ranka ya daɗe, aro ne."

Dagaci ya yi tsaki a hankali, irin na wanda ya miƙa wa mutum sanda a ruwa ya ƙi kamawa. Ya yanke cewa Yunusa zai zauna zuwa kaka, in an yanke shinkafa ya tashi.

"Na ji, ranka ya daɗe. Ta ina zan fitar da shanun?"

Rabin mazauna zauren shinkafarsu ce a burtalin, kowa ya shiga duban farcensa. Can wani mai suna Sunusi ya gyara murya ya ce ai da an yanke shinkafa za su tayar da injin ban-ruwa su zuba alkama, amma akwai kamar mako guda a tsakani, in Yunusa ya yi sauri.

"In na fita a makon, in nufi ina? Gaba ma haka burtalin yake har Guri."

"Wannan kuma," in ji dagaci, "ba ya cikin ƙarar da aka kawo mini."

A bakin ruwa Muttaka ya cim masa, idonsa jawur.

"Baffa, wallahi da ina da inda zan shuka ko mudu ɗaya..."

"Na sani. Ka gai da mutan gida."

Abin da ya fi ci wa Yunusa rai ke nan, ya rasa wanda zai yi fushi da shi.

Mairam na tsaye bakin ruga da ƙwarya a hannu. Tun daga yadda ya ɗaure kwale-kwalen ta gane, amma sai da ta tambaya.

"Me ka ce musu?"

"Abin da na ji da kunnena."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Allah ya ba ka lada, Malam. Sai ka shiga ka zaɓi wadda za mu fara kaiwa kasuwa."

Ya shiga garken. Babu saniyar da bai san uwarta da kakarta ba. Suka taso suna shinshinar rigarsa, sun ɗauka ciyawa ya kawo. Ya zaga su sau ɗaya, ya sake zagawa, hannunsa a ɗage, ya rasa bayan da zai ɗora shi.