Gaisuwar Mutuwar Bano

An ƙone mini 'ya, ba wanda ya tako ƙofata ya gaya mini. Wanda zai ce ai 'yar tsana ce, ya riƙe bakinsa. Na san 'yar tsana ce, da hannuna na cusa mata auduga.

Bano sunanta. Na ɗinka ta tun muna yara a nan ƙauyenmu na Panjab, daga gefen tsohon mayafin mahaifiyata, na yi mata gashi da baƙin zare har gadon baya. Ƙawata Sugran kuma tana da ɗan tsana, Sheru, mai ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, don Sugran ba ta taɓa iya riƙe allura ba. Muka yi musu biki kamar yadda 'yan mata ke yi. Iyayenmu suka dafa shinkafa mai zaƙi, aka buga ganga, aka ɗauki Bano a murfin kwando aka kai ta gidan miji. Daga ranar ta zauna a alkukin ɗakin Sugran, gefen Sheru. Daga ranar kuma ba mu ƙara kiran juna da suna ba, sai surukata.

Muka girma, aka aurar da mu a gari ɗaya, katanga biyu ce tsakaninmu. Sauran 'yan mata sun watsar da nasu, ni ban watsar ba. Gidan iyaye ke kai wa 'ya kayan Sallah, don haka kowace Sallah sai na ɗinka mata riga da wando da mayafi. In tela ya share shagonsa, ni ke tsince ƙyallayen. Kalmasa nake yi siririya, sai kin kawo ido kusa za ki ga zaren. Sannan in tufka mata faranda, igiyar nan ta zare mai tuntu da muke kitsawa cikin gashi. Tata ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma sai na sa mata silin azurfa da 'yar ƙararrawa. Yanzu ido ya yi rauni, sai na fita hasken tsakar gida ina lalubar kafar allura, amma ban taɓa fashi ba.

In na je da kayan, Sugran ta tare ƙofa ta ce, "Ga uwar amarya da tsummokaranta. Bana ma ba zinariya?"

In ce, "Ranar da ɗanki ya miƙe ya nemi aiki, zan kawo zinariya. Tun da aka ɗaura auren nan yake zaune a bango."

Sai ta kawo shayi, mu tuɓe wa Bano tsofaffin kaya mu sa sababbi, in kwance kitson in sake.

Bana ruwa ya ƙi zuwa. Auduga ta sunkuyar da kai a gona, ɓaunayen da muke kiwo suna kwance a busasshen tafki suna lasar laka. Maza sun fita sallar roƙon ruwa, sama ko gezau. Ni kuma 'yata ta kai ni birni a duba mini ido, na ɗan kwana biyu a can. Da na dawo na ɗauki kayan Babbar Sallah, kore mai ɗigon ja, na nufi gidan surukata.

Alkuki wayam.

Sugran tana tsugune gaban murhu, ba ta ɗago ba. Matar ɗanta ce ta ce, "Iya, ai 'yan mata sun kai su bakin gari. An ƙone su saboda ruwa."

Na san al'adar, ni ma na yi ina yarinya. In fari ya yi tsanani, yara mata su ɗora 'yar tsana a makarar kara, su fita da ita cikin tsakar rana suna kukan mutuwa, su cinna mata wuta, ko sama za ta ji tausayi. Liman ya sha faɗa a kai, mata na jinsa suna yin abinsu. Amma tsumma ake naɗawa a sanda a ƙone. Wa ya taɓa ɗaukar matar aure?

Na ce, "Surukata, ɗago ki dube ni."

Ta ce, tana kallon wuta, "Wadda aka kai gidan miji ta gidan miji ce."

Ban zage ta ba, Allah ne shaida. Na juya na tafi kai tsaye gindin bishiyar da mai gari Caudari Allah Ditta ke zama da dattawa, suna zagaye da tukunyar taba mai bututu suna zuƙa.

Na ce, "Caudari, ƙara na kawo. An kashe mini 'ya a gidan miji, an yi jana'iza ban sani ba."

Ya zabura har bututun taba ya faɗi. Da na yi bayani, dattawa suka fara tari suna rufe baki da rawani.

Na ce, "Ku yi dariyarku a fili, kada ta shaƙe ku. Kai Allah Ditta, kana cikin waɗanda suka ci shinkafar bikin nan. Ba wando a jikinka, ka ci ka ƙara, ka yi kuka da aka hana ka kano na uku. Kai shaida ne an ɗaura aure."

Dariyar ta koma kansa. Ya shafa gemu ya ce, "Yaya Naziran, an ji. To me kike so? A saya miki wata a birni, irin mai buɗe ido tana rufewa?"

"Ka saya wa jikarka. A kira mini Sugran."

Aka kira ta. Ta zo tana jan ƙafa, mayafi har goshi. Sai a lokacin na ga yadda ta zube, wuya duk jijiya. Caudari ya ce ta faɗi dalili.

Ta ce, "Yaran sun ƙone tsumma, Caudari. Ina tsaye ina kallo. Kukan ƙarya suke yi suna ƙyalƙyala dariya, wata ma tana cin mangwaro. Na ce wannan ko ni ba zan ji tausayi ba, balle sama. Abin da ba wanda yake so, wa zai yi masa kuka? Ɓaunata ta mutu a daren da ya gabaci ranar, da cikinta. Sai na shiga ɗaki na sauko da su."

Na ce, "Su?"

"Su biyun. Kina tsammani zan tura 'yarki ita kaɗai? Sheru na gefenta."

Matar ɗanta ta faɗa mini haka tun a gida, fushi bai bar ni na ji ba. Duk da haka ban sauka ba.

Na ce, "Me ya hana ki jira ni?"

"Da kin hana."

"Ƙarya kike yi."

Ta ɗago ta dube ni a karon farko. Ta ce, "To ƙarya nake. Da kin yarda. Da kin ce a bari ki yi mata sabon kitso tukuna, ki zauna a gabana kina tufka faranda da makahon idonki. Wannan ne ba zan iya kallo ba."

Ba wanda ya yi tari a cikin dattawan nan.

Na ce, "Caudari, ka ji da kunnenka. Ta yi kukanta, ta cinye nawa. Ba wata nake so ba, ba ban haƙuri nake so ba. A garin nan in 'ya ta mutu a gidan miji, wanzami ake aikawa gidan iyayenta ya kai labari. Uwa ta shimfiɗa tabarma, surukai su zo gaisuwa. Abin da ake yi wa kowa shi za a yi mini. Ni ba bare ba ce da zan ji a bakin matar ɗa."

Wani dattijo ya ce, "Haba Naziran, a kan ƙyalle?"

Caudari ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Mun ci shinkafa. A kira Mangta."

Washegari da hantsi Mangta wanzami ya tsaya a ƙofata. Na zaci zai yi wasa, don bakinsa ba ya rufuwa, ko aski yake yi sai ya ba ka labarin gari. Ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Iya Naziran, daga gidan Sugran aka aiko ni. Bano ta riga mu. Allah ya ba ki haƙuri."

Na ce, "Ta sha wahala?"

Ya ce, "Ko kaɗan, Iya. Auduga ce, nan da nan."

Na jingine gadajen igiya a bango, na shimfiɗa tabarma a ƙasa, na zauna. Mata suka fara shigowa, suna cizon bakin mayafi kada dariya ta kuɓuce. Na ƙyale su. 'Yan matan da suka ɗauki makarar suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe, na ce su shigo su zauna, ba su da laifi.

Sai ga Sugran. Tun daga waje ta ja mayafi ta rufe fuska yadda ake yi, ta ɗaga murya. Ta durƙusa, ta rungume ni, kanta a kafaɗata. Na ja nawa mayafin na rufe.

Na fara da Bano. Na ce wayyo 'yata mai dogon gashi, wa zan yi wa kitso. Ban san inda na bar ta ba, sai na ji ina kiran mahaifiyata mai mayafin. Sugran tana kiran tata, wadda ta dafa shinkafar. Muka kira yayata da ta buga ganga, da ƙanen Sugran da ya riƙe wa ango laima, ruwa ya tafi da shi yana saurayi. Muka kira mazajenmu, har nawa da bai cancanta ba. Da na buɗe fuska, ba mai cizon mayafi. Matar Mangta tana share hanci, yarinyar nan mai mangwaro tana kuka kamar an doke ta.

Mai makoki ba ya hura wuta, don haka Sugran ta aika gidanta aka kawo gurasa da miyar wake. Gishiri ya yi yawa, na faɗa mata. Ta ce in ban so in bari. Na cinye.

Da mutane suka watse, ta zauna tana murza gwiwa. Ta ce, "To, an biya ki?"

Na ce, "An rage."

Ta ce, "Ni fa ɗa na rasa. Ɗana na fari. Ko kare bai leƙo ya ce mini sannu ba."

"Malalacin nan mai karkataccen ido?"

"Shi. Surukinki."

Na dube ta. Ba wasa take yi ba.

Na ce, "Ni ba na zuwa gaisuwa da jita-jita. Ki aiko Mangta da safe. Kuma kada ki hura wuta, ni zan kawo abincin."