Saƙon Mutane a Kan Keken Nadia

Nadia jikata ce, 'yar ɗana Kader. A Maraɗi aka haife ta, a Greensboro ta Amurka ta yi wayo. Shekarar 2006 ta gama jami'a, ta zo ta durƙusa a gabana ta ce za ta Turai, ita da ƙawarta Suwaiba. Wai akwai wani kogi, Danube, za su bi bakinsa a kan keke tun daga Jamus har Hangari. Wata guda suna tuƙi, inda rana ta faɗi nan za su nemi masauki.

Na ce, "Wa ya rasu a can?"

"Ba kowa, Kaka."

"Me za ki saro?"

"Ba komai. Kogin kawai nake son gani."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ubanta ya riga ya yarda. Uwarta Tchima ta yi kukanta ta haƙura. Saura ni. Nadia ta ce ba za ta hau jirgi ba sai na sa mata albarka, kuma na san halinta, ba za ta hau ɗin ba.

Ni na tuƙa keke a Maraɗi shekara da shekaru, da fatu ɗaure a baya, don ba ni da abin da ya fi shi. A nan Greensboro kuwa ba ka ganin babba a kan keke a titin Wendover sai wanda aka karɓe wa lasin tuƙi. Yarinya mai digiri, mai motar kanta, ta ce keke. Abin ya tsaya mini a wuya.

Ranar Juma'a da aka idar da salla, Malam Garzali, Bakano mai tuƙa tasi, ya ce ya ji Nadia za ta yi tafiya. Na ce, "E, Turai." Maganar keke na bar ta a cikina.

Kafin Lahadi falonmu ya cika. Zabeirou, wanda ke aiki sito ɗaya da Kader, ya kawo takalma na ƙanensa da ke Hamburg. Malam Garzali ya kawo injin markaɗe na 'yar'uwarsa a Lyon. Hajiya Fassouma, wadda ta girme mu duka, ta sa surukinta ya tuƙo ta daga Pleasant Garden. Matar ɗanta ta haihu a Brussels, shi ya sa Hajiya ta kawo bargon jariri, da yaji, da babbar kwalbar man shanu da aka taho mata da ita daga gida. Wasu ma sun kawo nasu. Duk na karɓa da hannu biyu. A gidanmu ba a taɓa mayar da saƙo ba. Ubana ya kai saƙon mutane Kumasi da ƙafa.

Nadia ta shigo ta tsaya a kan tulin kayan. Ta ɗauko taswira ta shimfiɗa mini a cinya.

"Kaka, ga kogin nan. Ga Brussels can. Ga Hamburg can sama."

"Duk ba Turai ba ce? Ki ba wani Bahaushe a tasha, zai kai."

"Babu zango a bakin kogin, Kaka. Kuma jaka biyu ce ƙanana a keken, sai kayan sawata."

Kader ya ce a aika ta gidan waya. Na ce da gidan waya suke so da can suka nufa. Hannu suka ba ni, hannu zai kai. Na riga na karɓa.

Nadia ta naɗe taswirarta. Sai ta ce, "To." Da na tambayi Tchima washegari, ta ce yarinyar ta yanke shawara: za ta ɗauki kayan a keke zuwa rabin hanya, ta bar kogin, ta shiga jirgin ƙasa ta bi gari gari ta raba. Hangari ta fasa.

Duk Asabar su biyun sukan fita Summerfield su gwada ƙafa, don can motoci ba su da yawa. Wannan Asabar ɗin Nadia ta ɗaura saƙon duka a keken, ta ce tana so ta saba da nauyin. Na ce wa Kader ya ɗauko mota, zan gani da idona.

Muka bi su a baya a hankali. Suwaiba ta yi gaba kamar tsuntsuwa. Keken Nadia kuwa kansa sai rawa yake, ƙafar gaba ba ta kama ƙasa sosai. Na san wannan rawar, na sha ta da fatu. A wani hawa kusa da gonar dawaki ta miƙe tsaye a kan feda, ta danna, ta danna, keken ya ƙi. Ya karkata ya kwanta da ita a bakin kwalta.

Kafin Kader ya tsayar da mota na buɗe ƙofa. Na same ta a zaune, gwiwar hannunta na jini, ita kuwa tana ta kwance igiya. Ta zaro kwalbar Hajiya, ta juya ta a rana, ta ɗaga mini.

"Ba ta fashe ba, Kaka."

Na karɓi kwalbar. Na ce, "Kader, buɗe bayan mota."

Ni na kwance kayan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Nadia ta ce, "Kaka, zan iya." Na ce ta yi mini shiru ta je a wanke mata hannu.

Daga nan muka fara bin gidaje. Kader ya ce bari shi ya shiga ya yi bayani. Na ce shi aka ba? Ya tsaya a mota.

Zabeirou ya karɓi takalmansa bai ɗago ido ba, sai "Ba komai, Baba, ba komai" yake ta yi, kamar shi ya yi laifin. Malam Garzali kuwa, da na faɗa masa a keke za ta yi tafiyar, sai da ya zauna a kan matakala don dariya.

"Keke, Alhaji? Keke mai feda? In motarta ce ta lalace ai ga tasi, har Jamus ɗin sai in kai ta!"

Na ce, "Riƙe injinka."

Hajiya Fassouma na bari ƙarshe. Na same ta a baranda tana tsinke zogale. Na gaishe ta, na ajiye bargo da yaji da kwalba a gabanta. Ba ta taɓa su ba.

"Alhaji Nouhou, saƙona ne ya yi wari?"

"Yarinyar ba ta bi ta Brussels. A kan keke za ta yi tafiyar. Bakin kogi za ta bi, wata guda. Tun farko na sani, ban faɗa ba."

Ta ajiye tiren. "Mace? A keke? A ƙasar da ba ta da kowa?"

"Su biyu ne."

"Kai kuma kana zaune? Da izininka?"

Ban taɓa faɗin kalmar ba, ko a zuciyata. Na ce, "Da izinina."

Hajiya ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Tsufa ya zo maka da sauƙin kai." Ta jawo kwalbarta ta rungume. "To ka ce mata ta rufe ƙafafunta da kyau, kuma ta ɗauko mini hoton ruwan nan in ga abin da ya fi jikana."

Da muka koma gida Nadia na zaune a kicin, uwarta ta naɗe mata hannu. Ta tashi za ta durƙusa, na ce ta zauna. Na ɗora hannuna a kanta.

"Ki je har Hangarin. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da ke lafiya. Kada ki sha ruwan kogin, kada ki bar salla."

Ta kama hannuna. "Thank you, Kaka."

"Da Hausa."

"Na gode, tsohon mijina."

Tchima ta tuntsire da dariya a bakin murhu. Na ce a kawo mini shayi, kuma wani ya je ya duba birkin gaban keken nan, bai kama yadda ya kamata.