Fuskar Baffa Gwadabe a Kan Ruwa

Sau uku Radiyya ta kalli bidiyon a kwamfutarta. Muryar Baffa Gwadabe ta fito tangaram, amma fuskarsa ba ta fito ba. Rana ta daki ruwan kogin Wudil ta dawo cikin idon kyamara, komai ya yi fari fat kamar an watsa koko a gilashi.

Baffa Gwadabe yayan mahaifinta ne, shekara arba'in da ɗoriya yana kamun kifi a kogin. Ranar Asabar ɗansa zai zo ya tafi da shi Kaduna, don ƙafafunsa sun daina jure sanyin ruwa. Wata biyu ta yi tana roƙonsa kafin ya yarda ta ɗauke shi bidiyo a cikin kwalekwalensa. Yau Alhamis. Ta kira shi ta faɗa masa abin da ya faru, ta roƙe shi su sake ɗauka.

"Gobe da hantsi, 'yar nan," in ji shi. "Daga shi kuma ba ƙari."

Ba ta tsaya cin abinci ba, ta nufi ɗakin kayan ɗaukar hoto na jami'arsu, wurin Malam Tasi'u mai kula da su. Bayan sun gaisa ya kalli bidiyon, ya girgiza kai.

"Inuwa kyamararki take nema. Mat bokis za ki sa."

Ya buɗe durowa ya ajiye mata biyu a tebur. Kowanne ɗan akwati ne baƙi da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, da marfi a sama kamar bakin hular hana-sallah. Ɗaya babba, yana zama kan sandunan ƙarfe biyu. Ɗayan ƙarami, da zobe ake maƙala shi a bakin gilashin.

"Babban ba ya motsi, ko iska ta taso," ya ce. "Shi manya ke amfani da shi."

Ta ɗora babban a 'yar kyamararta, ta ɗaga. Nan take gaban ya rinjaya ƙasa. Ta riƙe tana ƙirge a zuci. Kafin ta kai minti biyu wuyan hannunta ya fara rawa. Baffa kuwa idan ya fara magana sai ya yi rabin sa'a bai tsaya ba, kuma a kwalekwale ba inda za ta kafa ƙafafun kyamara.

Ta gwada ƙaramin. Kamar ba ta ƙara komai ba. Sai dai da ta taɓa shi da yatsa ya ɗan juya.

"Malam, wannan ba zai faɗa ruwa ba?"

"Zai iya. Zoben ya ɗan saki, kuma shi kaɗai gare mu."

Ta tsaya tana duban su biyun. Da babban, hoton zai yi ta girgiza. Da ƙaramin, tana iya dawowa ba shi, kuma ba hoton. Ta fita da shi bakin ƙofa, ta juya kyamarar wajen rana, ta sauko da marfin kaɗan-kaɗan. Farin ya janye, bishiyar darbejiya ta fito da korenta.

"Ƙaramin zan ɗauka, Malam."

Ya naɗa siririn salatif a cikin zoben, ya ɗaure akwatin da zare a jikin igiyar kyamarar. "Allah ya ba da sa'a."

Washegari da hantsi kwalekwalen ya bar gaɓa. Radiyya ba ta iya ruwa ba, kuma ba ta taɓa gaya wa Baffa ba. Ta zauna a tsakiya, ta dafe gwiwar hannu a cinya, ta danna. Fuskarsa ta fito tar, har da tabon ƙugiya a haɓarsa. Ya fara ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye musu gonakin bakin kogi.

Suna dab da gada iska ta kaɗo. Marfin ya ɗaga, akwatin ya karkace, fari ya fara shigowa ta gefe. Idan ta ce wa Baffa ya dakata, ta san ba zai koma kan zancen ba. Ta miƙa ɗan yatsa a hankali ta tokare akwatin, ta mayar da shi daidai. Haka ta riƙe shi, yatsan ya sage, kafaɗarta na zafi, har Baffa ya kai ƙarshe ya juya akalar jirgin.

A kan yashi ta durƙusa ta kunna. Wuri ɗaya hoton ya yi fari na ɗan lokaci, kusurwa ɗaya kuma ta yi duhu inda yatsanta ya leƙo. Sauran lafiya lau. Sai a lokacin ta zauna daɓas.

Baffa yana ɗaure jirgin ya waiwayo. "Lafiya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Baffa. Jiri ne kawai."

"To taso mu je gida. Innarki Indo ta dama fura."