Sautin Farko Bayan Aikin Maƙogwaro

Tun da aka yi wa Zalika aikin maƙogwaro muryarta ta ɗauke. Matar da a da ake jiyo ta daga tsallaken titin 125th Street, inda take kasuwanci a ƙasar waje, yanzu da hannu take magana da masu sayen turarenta.

Wata safiya maƙwabciyarta Dolkar, 'yar Tibet mai sayar da gyale, ta zaunar da ita a kan kwali.

"Rufe ido, rufe baki," in ji Dolkar. "Saki sauti ta hanci kamar ƙudan zuma. Haka muke yi a ƙasarmu don hankali ya kwanta."

Da farko iska kawai ke fita. Zalika ta yi ta gwadawa. Can sai wani abu ya fara rawa a ƙirjinta, ya hau wuya, har leɓɓanta suka ɗau ƙaiƙayi. Sautinta ne.

Ta miƙe zumbur tana dariya da hawaye, ta kira yayarta a Maraɗi, ta dinga yi mata sautin a waya.

"Zalika, ke ce?" in ji yayar. "Kar ki daina, bari in kai wa Inna ta ji."