Karen da Aka Saya da Ruwan Fari

Duk Rano an san Gwadabe maɗinki da hali guda: ba ya sayen kaya lokacin da mutane ke sayensa. Laima da rani yake saye, bargo kuwa sai bazara ta buɗe wuta, mai bargon na neman wanda zai raba shi da shi. In an yi masa tsiya a gindin durumin da yake ɗinki, sai ya ɗago kai ya ce, "Kasuwa ba ta gudu, masu gaggawa ne ke gudu."

Abu ɗaya ne dabarar nan ba ta kawo masa ba tukuna, shi ne kare. Gwadabe na son farauta kamar ransa. Da an gama girbi mai gangi ya buga, keken ɗinki ya shiga uku, sai ya lulluɓe shi da tsumma ya suri gorarsa ya bi ayari. To amma a dawa mai kare shi ne mai nama. Abin da karenka ya kama naka ne, ko wane ne ya taso shi. Marar kare sai gudu da ihu, ya koro zomo ya miƙa wa karen wani, in an tashi rabo a jefa masa kai ko kayan ciki. Shekara da shekaru haka Gwadabe ke dawowa, ƙaya a ƙafa, kan zomo a aljihu. Abin yana cinsa ƙwarai. So yake ko sau ɗaya ne ya shigo Rano da gada a wuya, tasa ta kansa, mai gangi na biye da shi.

Da kaka kuwa kare mai kyau kuɗin rago ne, Gwadabe kuma ba zai biya ba ko za a yanka shi. Ya san da ruwa ya sauka an rataye farauta, kowa ya koma gona, kare ya zama baki mai ci ba ya noma. Don haka ya zauna yana jiran hadari, ya fi manoma yawan ɗaga kai sama.

Ranar da aka yi ruwan fari, washegari ya kama hanyar Kibiya, ya zarce zuwa ƙauyen Fassi wajen Maharazu, wani tsohon mafarauci da aka ce rumbunsa ya yi ƙasa bana. Ya tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Karen na kwance a gefensa, ja ne siriri, kunnensa ɗaya a yage. Sunansa Harsashi, babu wanda ya taɓa bin farautar yankin nan bai ji labarinsa ba.

Suka gaisa, Gwadabe ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon ya ajiye fartanyar ya dubi karen.

Can ya ce, "Da kaka ka zo, da ko kallonka ba zan yi ba."

Gwadabe ya ce, "Ai shi ya sa ban zo da kaka ba, Baba."

Aka yi ciniki a kan abin da bai kai rabin kuɗin kaka ba. Maharazu da kansa ya ɗaura igiyar. Ya buɗe baki ya ce, "Zauna tukuna in..." Gwadabe ya ɗauka fasawa zai yi, sai ya ce rana na yi, ya ja kare ya yi gaba, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Daminar nan Gwadabe bai san zama ba. Harsashi ya tsinke igiya ya koma Fassi, Gwadabe ya bi shi cikin taɓo ya dawo da shi. Kare ya sake tsinkewa, wannan karon Maharazu ne ya rako shi har ƙofar gida, ya miƙa igiya ya juya. Ga ci kuma, kare kamar rami. Huseina, matar Gwadabe, ta ce, "Malam, wannan ce arahar? Ni ban taɓa ganin araha mai cin tuwon mutum biyu ba." Tana faɗa tana kankare masa ƙanzo. Kafin marka ta wuce, ita ce mai korar masa ƙuda daga yagaggen kunnen, shi kuma yana raka ta rijiya.

Shi kuwa maigidan kullum sai ya leƙa gona ya ga ko gero ya yi, ba don tuwo ba, don a girbe a buɗe dawa. Ya ɗinka wa wani malami riga ya kafa aljihu a baya. Shekarar ce aka karɓi mulkin kai, gari ya ɗauki zancen sabuwar tuta, Gwadabe na zancen gada. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji yadda ya yi sayen basira, da yadda za a gani bana.

Aka kai amfani gida, aka sa ranar babbar farauta a dajin da ke tsakanin Rurum da Kibiya. Mutanen garuruwa suka taru tun hantsi, karnuka na ta haushi. Can gefe Gwadabe ya hango Maharazu, ba kare, sai kere a hannu. Harsashi ya yi ta kaɗa jela yana jan igiya, Gwadabe ya ƙara naɗe ta a hannu ya kau da kai.

Mai gangi ya buga, aka saki karnuka, dawa ta ruɗe. Harsashi bai gudu ba. Ya dinga bin diddigen Gwadabe yana waiwaye.

"Kama! Cafke! Kai, tafi mana!"

Kare ya dube shi. Wani zomo ya fito daga sabara ya gifta ta gabansu, har ƙasar da ya tayar ta taɓa ƙafar Gwadabe, Harsashi ya bi shi da ido kawai. Wani ɗan Rano ya ɗaga murya ya ce, "Gwadabe, shi ma karen naka jira yake a yi araha?" Dariya ta ɓarke har bayan duwatsu.

Haka aka wuni. Gwadabe ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ruga a guje ko kare zai yi koyi, kare ya bi shi a hankali kamar ɗan rakiya. Rana ta karkata, jakunkunan mutane sun cika, zuciyar Gwadabe kamar ta fashe. Kunya ta ishe shi, amma tsoron komawa gida hannu rabbana ya fi kunyar. Ya ja ƙafa ya isa wajen tsohon.

"Baba, don Allah me kake ce masa?"

Maharazu ya ce, "Ba a ce masa komai, ɗana. Fito ne. Tun yana kwikwiyo da shi ya tashi, in bai ji shi ba ba ya tashi wa nama. Abin da na so in koya maka ke nan ran nan. Da ka tsaya ka koya, da damina ta ishe shi ya saba da bakinka."

Ya nuna masa yadda ake lanƙwasa harshe. Gwadabe ya gwada, iska ta fito da yawu. Ya sake, wani abu ya fito mai kama da kukan ɗan tsako. Harsashi ya karkata kai yana kallonsa.

Suna cikin haka ihu ya tashi daga gabas. Gada ce, ta ɓallo daga kwari ta bar karnukan da suka gaji a baya, tana nufin duwatsu. In ta shiga can shi ke nan. Gwadabe ya cika baki da iska, ba abin da ya fito.

"Baba, yi masa! Yi masa!"

Tsohon ya yi fito, siriri mai kaifi. Kafin ya rufe baki Harsashi ya ɓace, sai jan abu ake gani yana ratsa ciyawa. A gindin dutse ya kayar da ita. Gwadabe ya iso yana haki da wuƙa a hannu, kare ya yage baki ya yi masa gurnani, bai matsa ba sai da Maharazu ya ƙaraso ya taɓa masa wuya.

Sarkin dawa ya zo ya ce, "Karen wa?"

Maharazu ya ce, "Na Gwadabe ne. Nama nasa."

Gwadabe ya yanka, ya ɗaure ƙafafu, ya saɓa ta a wuya. Mai gangi ya matso ya buga, mutane suka ɗaga gorori suna jinjina. Sai dai taken da gangin ke bugawa ba nasa ba ne, shi ba shi da take ma. Na Maharazu ne, kuma wajen tsohon idanu suka juya. Ba wanda ya yi da mugunta, kowa ya ga abin da ya gani. Gwadabe ya tsaya a tsakiyarsu da gada a wuya, bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba.

A mararraba mutanen Kibiya suka ware. Harsashi ya bi bayan Maharazu ko waiwaye bai yi ba. Tsohon ya tsaya ya ce, "Zo ka ɗaure abinka."

Gwadabe ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dubi karen da ya manne da ƙafar tsohon. Ya ce, "Ku gaida gida, Baba." Ya kama hanyar Rano da sauri, don kada ya tsaya lissafi.

Ya shiga gida kafin magariba, ya dire gadar a tsakar gida. Huseina ta fito daga madafa. Ta dubi naman sau ɗaya, sannan ta leƙa bayansa, ta leƙa zaure.

"Malam, ina Harsashi?"

Gwadabe ya zauna a kan turmi yana cire ƙaya. Ya ce, "Ya tafi gida."