Kumbon Mamana

Yana cikin zura waya ta cikin gangar kumbon ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Bai ɗago ba sai da ya ga wayar ta ɓullo ta ɗaya gefen.

Kumbon wasa ne na roba, irin na finafinan zuwa wasu duniyoyi, wanda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali mutum ya haɗa da kansa. Tun da suka rabu da uwarta, 'yarsa kan zo masa kowace Asabar, shi ya sa ya sayo shi don su sami abin yi tare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Mamana yake ce mata. Ita ce ta fara ƙorafi ranar da suka buɗe kwalin.

"Baba, ba shi da taga? Mutum ya je har can sama bai leƙa waje ba?"

Aikinsa haɗa haƙoran roba ne a asibiti. Sai ya riƙa zuwa gida da 'yar na'urar huda haƙori, yana fafe tagogi ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana fenti, rabi a kumbo rabi a hannun riga. Yanzu an yi wa mijin uwarta canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Gobe za su tafi. Duk makon nan daga asibiti sai teburin haɗa kumbon, yana so ya gama ya ba ta ta tafi da shi.

Ta yi sallama ta shigo. Sai yau ya lura tsawonta ya kamo kafaɗarsa.

"Umma ta ce kar na daɗe, ba mu gama ɗaure kaya ba."

"To, ja labule, Mamana."

Ta ja. Ya haɗa wayar da batir. Ƙananan tagogin suka kawo haske gaba ɗaya, ja-ja kamar gida da mutane a ciki. Ta durƙusa ta kai ido jikin ɗaya, ta daɗe a haka.

"Ka ga, har da inda na zubar da fenti."

"Na bar shi. Gyaran injiniya ne, wa ya isa ya taɓa?"

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Ya juya da sauri ya buɗe gam.

"Fiffike ɗaya ya rage. Bari na manna, na sa miki a kwali."

Ta riga shi kai hannu. Ta ɗauki fiffiken, ta jujjuya shi, ta jefa a aljihun jakarta.

"Ba zan tafi da shi ba, Baba. Idan ka gama, me za mu yi in na zo?"

A waje uwarta ta danna hon. Ya so ya tambaye ta yaushe ne za ta zo ɗin, ya san ita ma ba ta sani ba.

"Gam ɗin nan fa bushewa yake yi idan ya daɗe," ya ce.

"Sai ka sayi wani."

Ya raka ta har mota, ya gaisa da uwarta ta gilashi. Da ya dawo, ya ɗauki murfin gam ɗin ya rufe, ya yi ta murɗawa har yatsunsa suka yi zafi.